RIJIYA MAI ZURFI

Magana ga iyaye da malamai a kan yaron da ba ya shiga cikin yara

Abin karantawa: Misalai 20:5; Markus 7:31-37; Yohanna 4:5-30.



Duk baƙon da ya zo Daura, kafin ya koma sai an kai shi ya ga rijiyar Kusugu. Tana nan cikin gari har yau, labarinta kuwa kowa ya sani. An ce a zamanin Magajiya Daurama wani maciji da a ke kira Sarki ya kwanta a cikinta, ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a kaɗai. Ana nan sai wani baƙo, Bayajida, ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce babu, ta gaya masa dalili. Ya ce ta ba shi aron guga. Sauran labarin kun san shi.

Abu ɗaya na ke so ku riƙe daga labarin nan. Dukan kwanakin da mutanen Daura suka yi suna fama da ƙishi, rijiyar ba ta ƙafe ba. Ruwa yana nan ciki. Abin da ya kwanta a kan ruwan shi ya raba shi da mutane.

A cikin Littafin Misalai, wanda a sabon juyi a ke kira Karin Magana, Sulemanu ya kwatanta abin da ke cikin zuciyar mutum da ruwan da ke can ƙasa nesa da hannu, ya kuma nuna cewa sai mai hankali ke iya fito da shi. Yau ina so mu ɗauki ayan nan mu tafi da ita makaranta, gama akwai wani yaro can wanda zuciyarsa ta zama kamar Kusugu ta zamanin da.

1. YARON DA KE JIKIN BANGO

Ka tafi kowace makarantar firamare a ƙasar Daura, ko a cikin gari, ko Mai'adua, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ka tsaya lokacin da aka tashi tara. Ana buga ƙararrawa sai yara su fito kamar an buɗe ma tumaki garke. Maza sun kama langa, waɗansu suna bin ƙwallo. 'Yan mata sun yi da'ira suna gaɗa, waɗansu sun zauna carafke, waɗansu sun yi wajen masu tallan ƙosai da gyaɗa. Ka ɗauke idonka daga waɗannan, ka dubi jikin bango, ko gindin bedi can nesa. Za ka ga wani yaro tsaye shi kaɗai, yana wasa da bakin rigarsa, yana kallon masu wasa. In ƙwallo ta gangaro wurinsa ba ya buga ta, sai ya matsa ya ba ta hanya.

A cikin aji ma haka ya ke. In malam ya yi tambaya hannuwa su tashi sama, nasa yana ƙarƙashin benci. In ana kiran suna, da ƙyar a ji amsarsa. In an ce yara su rabu biyu biyu, shi a ke bari. An tashi, kowa ya kama hanya da abokinsa, shi kuwa ya bi gefen hanya.

Malam ba ya kuka da shi, gama ba ya faɗa, ba ya surutu, ba ya ɓata alli. Tun shekarar 1976, da gwamnati ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro, azuzuwa suka cika, har yau kuwa a makarantu da yawa malam guda ne a kan yara masu ɗimbin yawa. Ƙarfinsa duk ya ƙare wajen masu tsiwa. Yaron da ba ya damun kowa, ba mai damuwa da shi.

Kada mu ce wannan ƙaramin abu ne. Abu na fari da Allah ya duba cikin halittarsa ya ce bai yi kyau ba, kaɗaici ne (Farawa 2:18). Yaron da ba shi da aboki ba ya iya tambaya in bai gane ba, sai karatu ya wuce shi. Da safe ya kan ce cikinsa yana ciwo don kada a tura shi makaranta, wata rana kuwa ya daina zuwa ɗungum. In ya zama saurayi, duk wanda ya fara sakar masa fuska shi ya samu shi, ko da mai sayar da ƙwaya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2. BA KOWANE SHIRU NE KUNYA BA

Mu mutanen ƙasar nan muna girmama kunya, daidai ne kuwa. Muna koya ma yaro ya durƙusa ya gai da babba, kada ya zura masa ido, kada ya sa baki in manya suna magana. Amma ku lura, kunyan nan gaban manya a ke yin ta. Yaro mai kunya na gaskiya, da babba ya ba da baya, sai ka ji dariyarsa cikin tsaransa. Wanda ya ke shiru gaban manya, shiru kuma cikin yara, yau da gobe da jibi, wannan wani abu ne dabam ke damunsa, mu kuwa muna kiransa salihi.

Ni kaina na faɗa cikin kuskuren nan, ba zan ɓoye muku ba. A shekarun da na ke koyarwa a Makarantar Lahadi akwai wata yarinya 'yar shekara takwas ko tara, wadda aiki ya kawo mahaifinta garinmu. Kullum tana zama a bencin baya, can ƙarshe, kanta ɗaure da kallabi har kunne. Ba ta taɓa ba ni wahala ba. In yara suka dame ni da surutu na kan nuna ta in ce, “Ku dubi wance, ku yi koyi da ita.” Shekara biyu ina haka.

Wata rana bayan sujada wata tsohuwa daga cikin Zumuntar Mata, wadda ta kan yi ma yara kitso, ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce, “Malam, ka taɓa kiran yarinyan nan daga bayanta?” Na ce, “A'a, Iya, me ya faru?” Ta ce, “Jiya na kwance mata kai. Kunnuwanta duka biyu suna zubar da mugunya, da auduga ta ke toshe su. Ba ta jin rabin abin da ka ke faɗa. A makaranta yara sun ce tana wari, ba mai zama kusa da ita. Uwarta ta ɗauka zai wuce da kansa.”

Aka kai ta asibiti. Kunne ɗaya ya warke, ɗayan kuwa an makara. Ran nan na koma gida na kasa cin abinci. Ashe shekara biyu ina yabon ciwon yarinya, ina kafa misali da shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutane, ni kuwa ban ko dubi fuskar da kyau ba.

3. ABIN DA YA KWANTA A KAN RUWA

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin mu yi ma yaro faɗa, sai mu nemi abin da ya kwanta a rijiyarsa. Ga waɗansu da a kan samu.

Na fari, ciwon jiki. Ciwon kunne da aka yi sakaci da shi, da ƙyanda, da sanƙarau, duk su kan rage ji. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, mafi yawa a Arewa, ta kuma bar waɗansu da rai amma ba ji; ciwon kuwa bai daina leƙowa lokacin zafi ba. Wani yaro i'ina gare shi, an yi masa dariya sau ɗaya a gaban aji, ya ƙudura ba zai sake buɗe baki ba. Wani mai sikila ne, ya kan yi mako biyu kwance, kafin ya dawo abokai sun ƙulla wasansu ba shi. Wani ba ya ganin allo daga baya. Wani kuwa bai karya ba ya fito, mai jin yunwa ba ya langa.

Na biyu, baƙunci. Masu bi a ƙasar Daura ba mu da yawa, da dama daga cikinmu kuwa aiki ko ciniki ya kawo mu, daga Filato, ko kudancin Kaduna, ko Bauci, ko ƙasar Ibo. Ɗanmu ya shiga aji, wataƙila shi kaɗai ne Kirista a ciki. Sunansa dabam, Hausarsa dabam, in ma yana da ita. Ya yi magana sau ɗaya aka kwaikwayi harshensa, ya yi gum. Ba 'ya'yanmu kaɗai ke shan wannan ba. Ɗan Fulani da ya fito daga ruga, da ɗan ƙauye da aka kawo birni riƙo, su ma sun san ɗacinsa.

Na uku, tsoro da baƙin ciki. Ran 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta kimiyya a Ƙanƙara, cikin jiharmu ta Katsina, bayan kwana 6 aka sako su. Ƙauyuka da dama wajen Batsari da Safana da Jibiya sun sha hari, iyalai suka watsu cikin garuruwa. Yaron da ya kwana a daji yana jin harbi, ba ya barin daren nan a ƙofar aji, da shi ya ke shiga. Haka maraya, da yaron da uwarsa ta fita daga gidan, da wanda kullum bulala ce gaisuwarsa. Mu iyaye sai mu tambayi kanmu da gaskiya, ko mu ne muka kwanta a kan ruwan.

Na huɗu, halitta. Waɗansu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Alexander Thomas da matarsa Stella Chess, sun fara bin rayuwar yara 133 a shekarar 1956, tun suna jarirai har suka girma. Suka tarar kamar 15 cikin 100 haka aka haife su: kowane sabon abu, ko sabon mutum, sai sun ja da baya tukuna, sa'an nan su saba a hankali in ba a matsa musu ba. Irin waɗannan ba su da ciwo, ba su kuwa yi laifi ba. Lokaci su ke bukata.

Ina roƙonku, 'yan'uwa, kada mu yi saurin cewa iska ce ta taɓa yaro, ko sammu aka yi masa. Mu yi addu'a ƙwarai, mu kuma kai shi likita ya duba kunne da ido da jini. Ko a gida ma za ka iya gwadawa: tsaya bayansa nesa kaɗan, ka kira sunansa a hankali, ka ga ko zai waiga. In ya tabbata ba ya ji sam, akwai makarantar kurame ta gwamnati a Malumfashi, kada a ɓoye shi a ɗaki. In kuwa yaro mai surutu ne a da, farat ɗaya ya yi shiru, to, wani abu ya faru, ko wani ya cuce shi. Kada a kwana ba a bincika ba.

4. YADDA UBANGIJI YA KE JAN RUWA

An ce Bayajida sara ɗaya ya yi ma maciji, gari ya waye kowa yana ɗiban ruwa. A nan misalinmu ya tsaya, gama tsoron yaro ba a kashe shi dare ɗaya, takobi kuwa ba shi da aiki a wurin. Guga a ke bukata, da igiya mai tsawo. Bari mu ga yadda Ubangijinmu ya yi.

Ya kan ware mutum gefe. A ƙasar Dikafolis aka kawo masa wani kurma mai nauyin baki. Taro ya kewaye, kowa yana so ya ga abin mamaki. Yesu bai warkar da shi a gaban idon jama'a ba. Ya janye shi daga taron, su biyu, ya sa yatsa a kunnensa, ya taɓa harshensa, watau ya yi masa magana da alamar da kurma zai gane. Ya dubi sama, ya yi ajiyar zuciya, ya faɗi kalma ɗaya tak. Mu kuwa me mu kan yi? Mu kan tsai da yaro a gaban aji mu ce, “Yi magana mana! Ba ka da baki ne?” Yara su fashe da dariya, rijiya ta ƙara zurfi. Malam, in kana so ka ji muryarsa, ka neme shi bayan an tashi, ko kuna tafiya a hanya. Kada ka tsaya a kansa, ka zauna daidai tsawonsa. In ka yi tambaya ka jira, kada ka amsa masa. In za ka tambaye shi gobe cikin aji, ka gaya masa tambayar yau, ya shirya.

Ya kan roƙi taimako. A bakin rijiyar Yakubu, a Samariya, wata mace ta zo ɗiban ruwa da tsakar rana. Kowa ya san mata da safe ko da yamma su ke zuwa rijiya, ƙungiya ƙungiya, ita kuwa ta zo ita kaɗai cikin zafi. Yesu bai fara da wa'azi ba. Ruwan sha ya roƙa a wurinta. Wanda ya yi teku ya nuna ma macen da ta ke tafe ita kaɗai cewa tana da abin da zai amfane shi. Ku dubi ƙarshen labarin: ta bar tulunta, ta sheƙa cikin gari tana yi ma kowa magana. Haka yaron nan. Ka ba shi aiki wanda zai kai shi cikin yara ba tare da dogon zance ba. Ya raba littattafai, ya riƙe ƙwallo ya fito da ita lokacin tara, ya ƙirga maki in ana wasa, ya buga ƙararrawa. Wanda ƙwallo ke hannunsa, yara da kansu za su zo wurinsa.

Ya kan ba mutum aboki guda. Sa'ad da Allah ya kira Musa, Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa, ya roƙa a aiki wani. Allah bai sallame shi ba, bai kuwa tura shi gaban Fir'auna shi kaɗai ba. Ya haɗa shi da wansa Haruna (Fitowa 4:10-16). Ku buɗe Kubawar Shari'a ku ga ƙarshen abin: kusan dukan littafin jawabin Musa ne, da bakinsa, gaban dukan Isra'ila. Haka kuma Shawulu, da ya zo Urushalima bayan tubansa, masu bi duka suna tsoronsa, ba mai yarda ya matso. Mutum ɗaya, Barnaba, ya kama shi ya kai shi wurin manzanni (Ayyukan Manzanni 9:26-27). Daga baya ma shi ne ya tafi har Tarsus ya nemo shi.

Kada mu ce za mu jefa yaron nan cikin yara arba'in. Aboki ɗaya a ke fara nema masa, mai sanyin hali, wanda ba ya ba'a. A zaunar da su benci ɗaya, a aike su tare, su tafi gida tare. Daga ɗaya a kan samu biyu.

Masana ma sun ga gaskiyar wannan. A shekarar 1979 waɗansu malamai uku a Amurka, Furman da Rahe da Hartup, suka buga abin da suka gani a Minnesota game da ƙananan yara 24 waɗanda ba sa shiga wasa. Suka raba su kashi 3. A kashi na fari, kowane yaro aka haɗa shi da tsaransa guda, su biyu kaɗai da kayan wasa, har sau 10. A kashi na biyu, aka haɗa kowanne da yaron da bai kai shi shekaru ba. Kashi na uku aka bar su yadda su ke. Da aka koma duban su cikin aji, waɗanda aka haɗa da ƙanana su suka fi sakin jiki da tsaransu. Dalili a fili ya ke. Gaban ƙaraminsa yaro ba ya jin tsoro, shi ne ke cewa a yi kaza, a bi. Can ya ke koyon abin da zai kai cikin tsara. To, wannan ai ba ya bukatar ko kwabo. Ka ce ya riƙa raka ƙaramin ɗan maƙwabci makaranta, ko ya koya ma 'yan aji ɗaya haddar aya ran Lahadi.

Haka tsohuwan nan ta yi da yarinyar da na ba ku labari, ko da ya ke ba ta taɓa jin sunan Minnesota ba. Ta kawo jikarta 'yar shekara shida ta ce, “Ga ƙanwarki, ki riƙa riƙe mini hannunta zuwa makaranta.” Ni kuma na dawo da ita bencin gaba, ta wajen da kunnenta mai ji zai fuskanto ni, na sa ta raba littattafan waƙa. Damina ta wuce ban ga wani canji ba, har na fara karaya. Sai wajen Kirsimati, muna shirin wasan haihuwar Ubangiji, na ji wata murya a bayan ɗakin sujada tana gyara ma ƙananan yara tsayuwa, tana yi musu faɗa. Na leƙa. Ita ce. Sannu ba ta hana zuwa.

5. KOWA DA NASA RABO

Ku iyaye. Na san zuciyarku. Mu kaɗan ne a nan, muna jin labarai, sai mu kulle yara a gida, daga makaranta sai ɗaki, mu miƙa musu waya su yi shiru. Tsaro yana da kyau, amma yaron da aka koya ma tsoron kowa ba zai yi aboki ba. Maƙwabtanmu Musulmi, da yawansu mutanen kirki ne, suna son 'ya'yansu kamar yadda mu ke son namu, su ma suna da yara masu tsayawa jikin bango. Zumunta a ƙafa ta ke. Ka san sunan yaron da ke zama kusa da ɗanka, ka je ka gai da ubansa. Ki kira shi ya zo ya ci tuwo a gidanki. Ku bar yaranku su koyi Hausar garin da wasannin garin. Ka taka har makaranta ka gai da malam, ka tambaye shi, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba, har da wanda ɗanka ke wasa da shi. Da dare kuwa kada ki ce, “Yaya makaranta?” gama amsar “Lafiya” ce kullum. Ki ce, “Wa ya ba ka dariya yau? Da wa ka ci ƙosanka?” Kada kuma ku laƙaba masa suna a gaban baƙi, kuna cewa, “Ai shi haka ya ke, ba ya magana.” Yaro ya kan sa rigar da aka ɗinka masa.

Ku malamai masu bi da ke koyarwa a makarantun ƙasar nan. Ba a ɗauke ku don ku yi wa'azi a aji ba, amma ba mai hana ku ƙauna. Mako mai zuwa, lokacin tara, kada ka zauna ofis. Ka fito ka tsaya minti goma, ka rubuta sunan duk yaron da ka gani shi kaɗai kwana uku a jere, ko ɗan wane ne, ko wane addini ya ke bi. Ka hana ba'a a ajinka kamar yadda ka ke hana sata, gama mai ba'a muryar ɗan'uwansa ya ke sacewa. In za a raba yara wasa, kai ka raba su, kada ka bar manyan yara su zaɓa, don kada a bar shi na ƙarshe kullum. In ya yi ƙoƙari ya ɗaga hannu, ka yaba masa a hankali, kada ka sa aji duka su tafa har ya yi da na sani.

Ku dattawan ekklesiya da Zumuntar Mata. Makarantar Lahadi ita ce wurin gwaji mafi sauƙi, gama yara ba su da yawa, fuskoki kuwa sanannu ne. Ran da aka ciyar da mutum 5,000, Linjila huɗu duka sun ba da labarin, amma Yohanna kaɗai ya gaya mana gurasa biyar da kifi biyun nan na wani yaro ne, Andarawus kuwa shi ya lura da shi cikin taron (Yohanna 6:8-9). Kowace ekklesiya tana bukatar mai irin idon Andarawus. Ku tsofaffi mata, kada ku ce ƙarfinku ya ƙare. A labarin Kusugu ma gugar tsohuwa ce ta shiga rijiya.

Ku yara, in an karanta muku wannan a gida. Gobe lokacin tara ka dubi jikin bango. Ka je ka ce masa, “Zo mu yi wasa.” In ya ƙi, kada ka yi fushi, tsoro ne ya riƙe shi. Jibi ka sake zuwa.

Gargaɗi ɗaya kafin in rufe. Ba mu neman mai da kowane yaro sarkin surutu. Akwai wanda Allah ya yi shi mai kawaici, yana da abokinsa ɗaya ko biyu, yana murna da zuwa makaranta, yana barci lafiya. A bar wannan yadda Mahaliccinsa ya yi shi, ekklesiya tana bukatar masu saurare. Wanda mu ke nema shi ne mai son shiga amma ya kasa, wanda idonsa ke bin masu wasa ƙafarsa kuwa ta ƙi ɗagawa.

'Yan'uwa, mu ma a jikin bango mu ke sa'ad da Kristi ya same mu, bare ne mu, nesa da jama'ar Allah. Bai jira mu fara magana ba, shi ya tako ya zo. Wanda aka yi ma haka, in ya ga yaro tsaye shi kaɗai ya wuce, me za ya ce ran da Ubangiji ya tambaye shi? Wataƙila tun kana karatun nan fuskar wani yaro ta zo maka. Kada ka bar makon nan ya ƙare ba ka neme shi ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ADDU'A

1. Ta yaya za mu bambanta yaro mai kunya da yaron da tsoro ko ciwo ya rufe ma baki?

2. Don me Yesu ya janye kurman nan daga taro kafin ya warkar da shi?

3. A Makarantar Lahadi tamu, wane yaro ne ba mu taɓa jin muryarsa ba? Wa zai zama Barnabansa?

ADDU'A

Ya Uba, kai da ka san abin da ke ƙarƙashin kowace zuciya, ka gafarta mana inda muka yabi shirun yaro ba mu nemi dalilinsa ba. Ka ba mu ido mai lura, da baki mai taushi, da haƙurin jira. Ka tuna da yaran ƙasar Daura duka, namu da na maƙwabtanmu, musamman waɗanda za su tsaya su kaɗai gobe lokacin tara. Ka aiko musu da aboki, in ka yarda kuwa ka aike mu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.